Gurbin Yatsa a Burodin Kabewa

A Dubai babu kaka. Ba a yankan gero, ba a ɗaurin dami. Abin da kawai ake gani shi ne, idan watan Oktoba ya kama zafi ya sassauta, sai manyan kantuna su jibge kabewa ja a bakin ƙofa saboda Turawa. A lokacin ne Ummulkhair, ma'aikaciyar jinya, takan yi burodinta na kabewa da kirfa, wanda ta koya wurin wata abokiyar aikinta.

Mahaifiyarta, Hajiya Asama'u, ta zo daga Kano ganin likita, sai aka rufe hanyoyi saboda korona, ta maƙale a fulat ɗinsu na unguwar Karama. Ranar da ta fara ganin ana tuƙa kabewa cikin fulawa da madara, riƙe haɓa ta yi.

"Ke, kabewar miyar taushe ce kike wa wannan wulaƙancin?"

"Umma, ai ta samu ci gaba ne. Ta zo Dubai."

Ummulkhair takan murza kwaɓin ya yi faɗi, ta shafa bota, ta barbaɗa kirfa da suga, ta naɗe shi kamar tabarma, sannan ta yanyanka da zare. Gefe ɗaya ba ta sa masa suga, don tsohuwar na da ciwon suga. Idan ta yanko wannan, sai ta danna babban yatsanta a tsakiyarsa.

"Ga naki nan mai tambari. Kada ki ɗauki na mutane."

Hajiya ba ta taɓa cewa ya yi daɗi ba. Ummulkhair 'yar fari ce, kuma Hajiya mutuniyar da ce: ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta a gaban ido. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Mijin yarinyar kuwa, Kamal, tun da ta zo ba su taɓa cin abinci a gaban juna ba. Idan ya shigo falo da kwano, ita ta shige ɗaki.

A shekarar nan Ummulkhair ba ta jira Oktoba ba. Aiki ya yi yawa a asibiti, sai ta yi kwaɓin tun da sauran zafi, ta jera a zagayayyen faranti, ta rufe da leda, ta sa a firiza. Ta ce idan gari ya yi sanyi a gasa. Ba a yi sati biyu ba ciwon ya kama su, ita da uwar. Hajiya ta tashi, amma hancinta da harshenta suka mutu, ko albasa ba ta ji. Ummulkhair ba ta tashi ba. Ba a ba su gawar sun wanke ba. Daga nesa Kamal ya tsaya aka rufe ta, ya dawo ya ce an yi.

Masu ta'aziyya ta waya suka riƙa yaba haƙurin Hajiya, don ba wanda ya ji kukanta. Ba su san cewa kullum bayan sallar asuba takan buɗe firizar ba. Takan ɗaga ledar, ta nemo mai tambarin, ta sa yatsanta a cikin gurbin. Ƙanƙara ce, amma gurbin ya yi daidai da yatsa. Nan ne kaɗai ya rage a duniya inda za ta taɓa wurin da yarinyar ta taɓa.

Wani lokaci tana zaune sai ƙamshin kirfa ya gifta ta, ita da ba ta jin ƙamshin komai. Ta shiga kicin, ta tarar ba kowa, obin a kashe.

Kamal ya ce ba zai iya zaman gidan ba. Ya ajiye aiki, ya kai kayansu wurin masu jigilar kaya zuwa Kano a unguwar Naif, har da tandar waina, ya sayar da sauran. Ranar sadakar arba'in ita ce ranarsu ta ƙarshe a fulat ɗin. Da hantsi Hajiya ta je sallama da wata 'yar Kano a hawan ƙasa. Da ta dawo bayan azahar, ta ga ƙofar firiza a wangale, ruwa na ɗiga. Farantin yana kan tebur a zafin kicin.

"Wa ya kashe wannan?"

Kamal ya tsaya daga bakin ƙofa, kai a ƙasa. "Ni ne, Umma. Mai saye zai zo bayan la'asar, ya ce a bar ta ta tsane."

"Mayar. Kunna ta."

"Kwaɓin ya riga ya saki. Idan aka mayar lalacewa zai yi. Kuma gobe jirgi, ba a shiga da shi."

Ta ja kujera ta zauna a gaban farantin. Ledar ta yi gumi, tana ɗagawa a hankali kamar ƙirjin mai barci. Kwaɓin da ya yi wata da watanni a sandare ya farka, yana kumbura, kowane naɗi na neman ɗan'uwansa. Ta yaye ledar. Gurbin yana nan, amma ya yi rabi. Tana kallo yana cikowa daga ƙasa, kamar wani ne ke turo shi. Ta sa yatsanta ta danna. Laushi ta ji, da ɗumi irin na jikin mutum. Tana ɗagawa ya biyo ta, ya shafe, har da nata.

Can ta ce, "Yau arba'in, ba mu da waina. Kunna abin gashin."

Kamal ne ya gasa, don ita ba ta san kan obin ba. Da aka yi nisa ya buɗe, ya juya farantin.

"Me ka yi?"

"Haka take yi. Can cikin obin ya fi zafi, yana ƙona mata."

Faranti zagayayye ba shi da gaba, ba shi da baya. Da ya fito, duk sun haɗe, sun yi ja iri ɗaya. Kamal ya juya fuska yana share ido, ta gane ƙamshi ya cika gidan. Ita ba ta ji komai ba.

Ta miƙa hannu da bismilla ta ɓalli ɗaya. Sauran ta ce ya raba wa maƙwabta, Indiyawa da 'yan Sudan da mai gadi, kowa ya yi wa yarinyar addu'a yadda ya iya.

Da ya fita ta gutsura. Kamar auduga. Ta sake gutsura, ta juya shi a baki, ta danna shi da harshe. Ko nata ne, ko nata yana can hannun wani baƙo a bayan wata ƙofa, harshen ya ƙi faɗa mata.

Ta ji dawowarsa da farantin wofi, zai wuce ɗaki kamar kullum.

"Kamal."

Ya tsaya cak. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

"Zo ka zauna. Ci wannan ka gaya mini."

"A nan, Umma?"

"A nan."

Ya durƙusa a gabanta, ya karɓa da hannu biyu. Ya tauna a hankali, idonsa a kan tayil. Ita kuwa ba ta ɗauke ido daga bakinsa ba.

"Babu suga," in ji shi. "Kirfa ce zalla."

Hajiya ta karɓi ragowar, ta rufe shi da tafin hannunta. Da sauran ɗuminsa.

"Ya yi daɗi, Ummulkhair," ta ce, tana kallon wajen kicin.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai sayen firiza ne.