Keken Isaka Ya Riga Shi Komawa Gida

Isaka dai da kakanai yay yi gasa, kuma mutum ba shi cin matacce tsere. Kakan nan, in ji mutane, da ƙahwa yat tahi Makka, shekara bakwai, yad dawo da haƙori guda da butar ƙarhe. Sai Isaka, da hurhura ga gemu, yac ce in ƙahwa ta kai wani, keke na kai shi.

Ƙauyensu na can arewa ga Keita, cikin duwatsu. Ranar tashi gari dut ya hito. Ya bi gida-gida ya roƙi gahwara, har ga waɗanda shi na sunka yi ma laihi. Mushen lakkwal, malamin boko, ya rubuta mai allo da sunan Makka anka ɗaure gaban keke, anka kahwa tuta koriya baya. Matatai Kulu ta cika mai buhu da gari da ƙuli da cuku, ga bido biyu na ruwa. Liman ya yi addu'a, anka raka shi har bakin hwadama, mata na guɗa.

Kwana huɗu yay yi kahin Madawa, rabi bisa keke, rabi keke bisa shi. Shina hawa kwalta sai ga kamiyo da lodin albasa, iskatai kaɗai ta ɗebe shi tay yar cikin rami. Wajen tasha wani shofer ya dube shi, ya dubi allon, yad duƙa yaj ja layi ƙasa, tsawon ɗan yatsa.

"Baba, ga tahiyakka ta kwana huɗu. Ka ga mai tsiren can, bakin masallaci? Can na Makka. Tsakani akwai Cadi, akwai Sudan inda aka harbi, kana ga teku. Keken naka na iyo? Ina pasfo?"

Isaka bai da pasfo. Abin da yaka da shi, gari guda da yar raka shi da guɗa, kuma da ya koma su gane shi da sauran garin Kulu cikin buhu, gara mai kabari.

Ya kira gida yac ce shina Maraɗi. Bayan sati yac ce Damagaram. Daga nan sunayen garuruwan da yas sani sunka ƙare, sai yak kashe waya yat tura ta ƙasan buhu.

To, sai yawo. Tsakanin Madawa da Buza ƙauyukka na da yawa, kuma kowane na da masallaci. In ya hango gari sai shi sabka, shi gyara tuta, shi shiga da tura keke awa wanda yaf fito bangon duniya. Ba a rasa mai karanta allo. Nan da nan tabarma, nan da nan hura, wani wuri har zabo. Tsohi na zuwa su riƙe hannunai su ce in ya kai ɗakin Allah shi tuna da ɗiyarsu da ba ta haihuwa, shi ko shina ta gyaɗa kai, shina maimaita suna awa mai ajiyewa. Ba shi wuce kwana ukku, ba shi Juma'a biyu masallaci ɗaya. Ƙaya ta huda taya shi yi hwaci, hwaci ya ƙare shi cusa tsumma, sarƙa ta zare shi maida ta da ƙusa. Gindinai ya yi kanta. Wata biyu shina hanyar Makka, sai kumatu da yay yi.

Dabaratai guda ta, kuma shina ganin ta isa. Ya san ranar kowace kasuwa, ya san inda mutanen Keita ka ci, sai shi kauce. Kasuwa yal lissahwa don shi namiji na. Bai tuna ba mata ba su bin ranar kasuwa, suna bin suna da biki da gaisuwar mutuwa.

Wata hantsi bakin rijiyar Karofane, ya duƙa shina cika bido, sai yaj ji murya bayanai.

"A'a! Ashe an matso da Makka? Ba a gaya muna ba."

Biba ta, ɗiyar kawunai, taubashiyatai, wadda aure yak kai Tama tun da daɗewa, mijin ya mutu ya bar mata garka. Ta zo suna. Kuma taubashi, kun sani, shina iya hwaɗa ma mutum abin da zai sa shi zare wuƙa ga wani, sai dai shi yi dariya. Shekara arba'in Isaka na ce mata baiwa, mai ƙahwar zalɓe, gaban kowa.

"Biba, don Allah."

"Alhaji, ina gajiya? Ka yi jihwar Shaiɗan, ko shi yaj jehe ka?"

"Rage murya, baiwa."

"Yau kuma wa ab bawa?"

Ya ja ta gehe, yar roƙe ta da Allah da Annabi da nonon da iyayensu sunka sha. Ta bari sai da hawaye sunka jiƙa mai gemu, kana tac ce to. Ta rantse, hannu bisa allon keke tunda akwai sunan Makka jiki, bakinta ba za shi hwaɗa ma kowa inda yake ba.

"Amma wagga tuta taka ta cika tsegumi," in ji ta. "Yau ni, gobe wata. Zo in ɓoye ka."

Garkar Biba na can ƙarshen hwadamar Tama, akwai bukka, akwai rijiya, babu mai bi sai awaki. Ta ba shi guga. Albasa ba ta san alhaji ba, ruwa taka so sahe da marece. Isaka yaj ja ruwa kwana shidda, shina gode ma Allah da yay yi mai taubashiya mai amana.

Ran na bakwai ya leƙa inda Biba ta ɓoye keke, bai iske shi ba. Biba ma kwana huɗu babu ita. Sai ga ta da la'asar, lulluɓe, da ƙwarya bisa kai. Ta aje gabanai, ta buɗe. Gumba ta, da goro biyu da dabino.

"Ina kekena?"

"Na kai shi gida. Bisa mota anka ɗaura, da tutatai da komi."

Isaka yam miƙe tsaye.

"Kin rantse, Biba!"

"Ban karya ba. Na jingine shi ƙohwar Kulu, niz zamna, nir ruhe huska. Sunka ce ina Isaka? Nic ce bakina ba shi iya hwaɗi. Sunka ce ina ne abin yaf faru? Nic ce bakina ba shi iya hwaɗi. Wallahi ban ƙara komi ba. Sauran su sunka yi da kansu, tunda wata biyu wayakka shiru." Ta tura mai ƙwarya. "Ci, ta sadakar ukkunka ta. Nic ce a ɗebo min da yawa, ina da maraya gida."

Ya dubi gumba. Ya san dakan, babu mai lilisa gero haka sai hannu guda.

"Kulu ta shiga takaba," in ji Biba, tana ɓare goro. "Ta suma sau biyu. Ta kwance kitso, ta tuɓe awarwaro. Wata huɗu da kwana goma, babu kasuwa, babu kwalli. Ka ga hanya can. In ka hau mota da sahe, gobe war haka kana gida, ka tashe ta. Sai dai za su tambaye ka ruwan Zamzam."

Isaka ya dubi hanyar. Hanya ta mai kyau, ko ƙaya babu. Ya daɗe shina dubi.

"Mutane sun taru?" yac ce.

"Har daga Keita. Tabarmi sunka kasa."

"Liman hwa, mi yac ce?"

"Ya ce wanda yam mutu bisa hanyar ɗakin Allah, ladan hajji ya samu cikakke. Ya ce ka hi kakanka, shi ya dawo, kai an riƙe ka. Maza na ta kuka."

"Ya ce na hi kakana?"

"Da bakinai."

Isaka yag gutsuri gumba yak kai baka. Akwai sukari, Kulu ba ta yi rowa ba. Ya ƙara gutsura.

"In ka gama," in ji Biba, "kwamin albasa na gabas bai sha ruwa ba."

Ya suɗe yatsu, yad ɗauki guga.