Cinikin Kawu

Duk wanda ya san tsaunukan da ke bayan Njombe ya san Kawu. Ba mutum ba ne, tsohuwar motar kaya ce mai shuɗin kai, an rubuta mata "Mjomba Karudi" a goshi, wato Kawu Ya Dawo. Manoman dankalin turawa ba su da lokacin dogon suna, Kawu kawai suke cewa. Sukan jera buhuna a bakin hanya, da sun jiyo kukanta daga gangare su miƙe, su loda mata, ta wuce Dar es Salaam. Kuɗi sai ta dawo. Mali kauli suke kiran wannan, kaya a kan magana, kuma ba kowace mota ake yi wa haka ba.

Mai motar, Yoramu Kiswaga, ya daɗe rabonsa da tsaunukan. Tun da ciwon baya ya sauke shi daga tuƙi ya bar wa direbansa Obedi sitiyari, shi ya koma kasuwar Dar yana karɓar kaya yana sayarwa. Manoman nan su ne arzikinsa kaf, ba shi da wata gona, ba shi da wani shago. Ita kuwa Kawu tsufa ya kama ta. Hawa kaɗan sai ta hau tari, kwana biyu a hanya kwana ɗaya a gareji. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, ya shiga wani kamfanin motoci ya ce a kawo masa sabuwa.

Mutumin kamfanin ya zagaya Kawu, ya leƙa ƙarƙashinta, ya goge hannu, ya faɗi abin da za su rage masa a kuɗin sabuwar in ya ba su ita. Yoramu ya ji kamar an zage shi.

"Mzee, kada ranka ya ɓaci," in ji mutumin, haka ake kiran dattijo a nan. "Ka ci gaba da aiki da ita har sabuwar ta sauka daga jirgin ruwa. Ran da ka zo ɗauka ka ajiye mana wannan. Mu kankare ta, mu yi mata fenti, mu tura ta can wajen Mwanza. Ba ruwanka da dillali, ba ruwanka da mai dawowa ya ce injin ya buga."

"Albarka," in ji Yoramu. "Tayoyinta kaɗai sun fi haka."

Tayoyin ba su fi haka ba, shi ma ya sani. Amma mutum ba ya tsayawa ana wulaƙanta abin da ya ciyar da gidansa.

Da ya koma gida Makambako ya ba matarsa, Mama Atu, labari yana huci. Tana tuƙa ugali, tuwon masararsu, ba ta ko ɗago ba.

"Ka ba su, Baban Atu."

"In ba su? A wannan kuɗin?"

"Ka ba su ta yi nisa. Matar da ka saki, gara a aure ta a wani gari."

Ya yi dariya, ya ce ai mata ba su san mota ba. Washegari ƙanenta Festo Ngailo ya iso tun kafin shayi ya huce. Festo dillalin katako ne, mai fara'a, irin mutanen da in sun gaishe ka sai ka laluba aljihunka. Yoramu yana son sa duk da haka, don akwai wasa tsakaninsu.

"Shemeji," in ji Festo, haka suruki ke kiran suruki a nan, "na ji za ka bai wa 'yan birni gyatumar nan su yanka. Ni ba ni da rai ne?"

"Kai da ko keke ba ka iya riƙewa?"

"Faɗi kuɗinka, tsoho. In na kasa, ka yi mini dariya a gaban yayata."

Yoramu ya faɗi kuɗin da shi kansa ya san ya yi yawa, ya gyara zama yana jiran a yi tayi. Festo bai taya ba. Ya miƙo hannu kawai, ya ce sharaɗinsa ɗaya, yadda take zai ɗauke ta, kuma yau. Dillalin da bai yi tayi ba abin tsoro ne, amma Yoramu ya riga ya hango bambancin da ke tsakanin wannan da na kamfani, kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. Ya sallama. Mama Atu ta ajiye musu shayi da ɗan ƙarfi, ta koma ciki.

Obedi ya zo da yamma yana sosa ƙeya. Yana da iyali, ba zai zauna jiran jirgin ruwa ba, kuma Festo ya ce ya ci gaba da jan motar. Yoramu ya ce ba komai, in sabuwar ta zo ya dawo. Obedi ya ce to.

Sabuwar ta iso ana tsakiyar haƙar dankali. Fara ce tas, doguwa, injinta ko kuka ba ya yi. Yoramu ya kira Obedi, Obedi ya ce yana hanya da kaya, sai dai wani lokaci. Sai Yoramu ya samo wani direba, shi ma ya hau gefensa duk da ciwon bayan, don yana so ya ga idon manomansa in sun ga abin da ya kawo musu.

Buhuna na nan jere a bakin hanya kamar kullum. Direba ya danna hon. Matan da ke zaune kan buhunan suka dubi motar, suka ci gaba da hirarsu. Haka a tsayawa ta farko, haka a ta biyu. A ta uku Yoramu ya sauko ya nufi wata tsohuwa, Bibi Semgaya, wadda a ƙauyen ba a ɗaga buhu sai ta ce a ɗaga. Ya rusuna ya gaishe ta.

"Bibi, mun zo ɗaukar kaya."

"Sannunku, ɗana. Na Kawu ne."

"Ai ni ne mai Kawu. Yoramu, ɗan Kiswaga. Wannan ce sabuwarta."

Ta dube shi, ta dubi motar sama da ƙasa. "Mai Kawu? Kawu shekaranjiya ya wuce ta nan, Obedi ya ba kowa haƙƙinsa, ko shilin ɗaya bai yi ciwon kai ba. Gobe zai dawo. In kai ne mai shi, ina yake?"

"Na sayar, Bibi. Ta tsufa."

"To, ka ga ni ma na tsufa." Matan suka kwashe da dariya. "Ba mu ƙi ka ba, ɗana. Amma mu da Kawu muka yi magana. Motarka kyakkyawa ce, Allah ya sa alheri. Sai dai ba mu san ta ba."

Babu abin da zai ce ta yi ba daidai ba, wannan ne ya fi ƙona masa rai. Shi ya koya musu su riƙe mota ɗaya, kada su ba baƙo kaya komai daɗin bakinsa. Ga shi sun riƙe.

Ya sami Festo a wata rumfar abinci a bakin titin Makambako, yana cin soyayyen dankali da ƙwai, Kawu na tsaye a waje ana ɗaure mata tamfol.

"Ka goge sunan nan," in ji Yoramu, ko zama bai yi ba. "Ƙarfe na sayar maka, ban sayar maka da suna ba."

"Shemeji, zauna mana, ka ci abinci." Festo ya tura masa faranti. "Yadda take, na ce, ka ce ka sallama. Kai a ganinka wannan tarin tsatsar na biya wa kuɗin nan? 'Yan birni sun faɗa maka kuɗin ƙarfe, ba su cuce ka ba. Abin da na ɗora a kai, kuɗin goshinta ne."

"Sai in rubuta sunan a tawa."

"Rubuta. Bibi Semgaya ta ga Kawu biyu, ɗaya da Obedi a ciki, ɗaya da baƙo. Ka ga wanda za a kira ɓarawo."

Yoramu ya zauna. Ya ji kunya fiye da fushi, don ƙanen matarsa ya san darajar abin da shi mai abin bai sani ba. Ga sabuwar mota a waje, cikinta wayam.

Festo ya sassauta murya. "Ba na so yayata ta kwana da yunwa. Akwai ƙauyukan can sama, gyatumar ba ta iya hawan nan yanzu, dankalinsu na neman ruɓewa. Taka za ta hau. Ka kwaso, mu raba. Amma ka san ba za su ba ka haka kawai ba, sai ka faɗi wanda ya turo ka."

Washegari farar motar ta haye tsaunin ba ko tari. A ƙauyen farko wani dattijo ya taso daga kan buhunansa, ya dafa ƙofar, ya tambaye su ko su wane ne.

Yoramu ya sauke gilashi.

"Kawu ne ya aiko mu, Baba."

Dattijon ya juya ya ɗaga wa mutanensa hannu, ya ce a fara lodi.