Garken Cikin Aljihu

Charity ta zare ɗan katin daga cikin na'urar, ta hura masa iska, ta goga shi a gefen zaninta, sannan ta mayar. Fuskar na'urar ta kawo haske, ta sake nuna rubutun da ta nuna ɗazu, ta tsaya a nan.

"Baba, katin nan ya mutu," in ji ta. "Wasan da ke ciki ya tafi tare da shi."

Dattijon da ke zaune a kan bencin shagon ya muskuta. Ya gyara malfarsa, ya waiwaya ya duba layin masu gyaran waya daga wannan ƙarshe zuwa wancan, domin ya tabbata babu wanda ya san shi. Da gangan ya tsallake shagunan Hausawa da ke bakin kasuwar Kontagora ya zo wurin wannan matar. A lissafinsa, ba ta da wata hanya da za ta haɗa ta da 'yan kara, masu cinikin shanu, waɗanda har yanzu suke miƙewa idan ya zo wucewa.

Sunansa Buba Mailafiya, Bafulatani ne. A da yana da garke a Bobi, irin garken da idan ya tsallaka titi sai direbobi sun kashe mota. Ɓarayin daji suka kora mafi yawansa a damina guda, ragowar kuma aka sayar a hankali. Matarsa ta rasu a shekarar da ta biyo. Yanzu yana zaune a ɗakin zaure a gidan mijin 'yarsa Jawahir, inda ake ba shi abinci a kan lokaci, ake gaishe shi cikin ladabi, kuma babu mai neman shawararsa a kan komai.

A wannan ɗakin ya tsinci na'urar, a cikin jakar da ɗansa na fari ya bari lokacin da ya tafi aiki Fatakwal. Abu ne kamar tafin hannu biyu, mai maɓallai a gefe da gefe. Ya danna ɗaya don ya ga ko rediyo ce, sai ga gona, ga rijiya, ga shanu. Shanun Turawa ne masu dabbare-dabbare, babu tozo, babu ƙahon kirki, irin waɗanda a da ko kyauta ba zai karɓa ba. Amma suna jin ƙishi, kuma idan aka shayar da su suna kaɗa wutsiya. Buba bai san boko ba. Da yatsa da haƙuri ya gano maɓallin ɗiban ruwa, da na tatsa, da na kora su kiwo. Ya raɗa musu sunayen waɗanda aka kora masa. Damina biyu ke nan yana kiwonsu bayan ya tura ƙofa, har sun hayayyafa. Ranar Litinin da safe ya kunna, babu gona.

"Shanun fa?" ya tambaya.

"Shanun ba su mutu ba tukuna." Charity ta jawo wayarta tana dubawa. "Kamfanin da ya ƙera abin yana da shago a intanet. A can aka sayi wasan, kuma suna ajiye kwafin gonar a wurinsu. In na sa sabon kati, sai mu shiga mu sauko da komai. Sai dai ka zo a ƙurarren lokaci. Sun ce na'urar ta tsufa, gobe Juma'a za su rufe shagonta, su share abin da ke ciki."

Kamfanin, wanda ke wata ƙasa mai nisa, ya sanar da hakan cikin harsuna da dama, kuma ya nemi afuwa a cikin kowannensu. Babu Hausa a ciki, balle Fulatanci.

Ta sa sabon katin, ta haɗa na'urar da sabis ɗin wayarta, ta ɗaga su biyun sama wajen bakin rumfa, inda ta ce sabis ya fi zama. Bayan wani lokaci shagon kamfanin ya buɗe. Ta yi 'yar dariya.

"Mai abin nan ya rubuta cewa a Kanada yake. Haka duk suke yi, babu Najeriya a jerin ƙasashen. Ashe Baba manomin Kanada ne." Ta ƙara dannawa. "To, suna son sunan da aka yi rajista da shi. Sun nuna min ƙarshensa, Mailafiya, amma sun rufe farkon da taurari. Na wa ne?"

"Na yaron ne."

"Wane yaro?"

"Yaron gidanmu. Yayan Jawahir."

"Sunansa nake so, Baba."

Buba ya dubi takalmansa. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, shekara kusan talatin, sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ɗan fari ne. Ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a tambayar ko ya ci abinci. Haka mahaifin Buba ya yi masa, kuma Buba bai taɓa jin an cuce shi ba. Ya riƙe wannan kunyar da kyau ƙwarai, har ta kai idan suna ɗaki ɗaya da yaron, sai ɗaya ya tuna yana da aiki a waje.

Charity a Kontagora aka haife ta, ta fahimci inda aka tsaya. "Ɗan fari ne ke nan. Na san al'adar, Baba, amma injin bai san ta ba."

"Ba ni biro."

Ta miƙa masa biro da bayan kwalin batir. Ya rubuta sunan da ajami, daga dama zuwa hagu, da kyakkyawan hannu, ya tura mata. Ta juya kwalin sama, ta juya shi ƙasa.

"Wannan ai sai malamai. Bari in kira Abdulfatahi tela, ga shi can, zai karanta mana."

"A'a." Ya dafe kwalin da tafinsa. Ƙanin Abdulfatahi dillali ne a kara.

"To kira Jawahir ɗin."

"Ba ta san ina taɓa abin ba."

Charity ta ajiye na'urar, ta harɗe hannu. "Shi ke nan, bari in yi ta faɗa, in na dace ka gyaɗa kai. Usman? Aliyu? Haruna? Sulaiman?" Ya yi ta girgiza kai. Ta bi sunayen 'yan ajinsu na firamare, ta bi na masu kawo mata gyara, ta koma kan na annabawa, ta faɗi waɗanda ta sani a coci da waɗanda ta ji a bakin maƙwabta. Ta kusa sau ɗaya, da ta ce Yunusa, har ya ɗago kai, sannan ya mayar. Wata mata ta kawo waya da ta faɗa a miya, Charity ta karɓa, ta sallame ta, ta dawo.

"Baba, sabis ɗin nan da la'asar yake guduwa, kuma gobe ba na fitowa, muna da biki a Ibeto. Ban ce dole ba. Shanunka ne."

A tsallaken layin wani yaro mai gyara yana gwada lasifika, yana kunnawa yana kashewa. Dattijon ya sunkuyo, ya kawar da fuska wajen bango, ya motsa leɓe. Daidai lokacin maƙwabcin Charity ya tayar da janareto.

"Ban ji ba."

Ya dube ta kamar ta nemi ya cire riga a tsakiyar kasuwa. Sannan ya ja numfashi.

"Yusha'u."

Sunan ya fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. Babu abin da ya faru. Janareto ya ci gaba da ƙara, masu wucewa suka wuce. Buba ya ji bakinsa wani iri, kamar ya tauna abin da aka daɗe da hana shi, ya kuma tarar ba shi da ɗaci.

"Yusha'u," in ji Charity tana rubutawa, kamar mai faɗin sunan sabulu. "Ya karɓa. Saura lambar sirri. Ka san ta? Ba ka sani ba. To na ce musu mun manta, sun tura wata lamba zuwa wayarsa. Sai mu kira shi."

Wato da an fara da kiran, da yaron ya faɗi sunansa da bakinsa, kowa ya huta. Buba ya lura da hakan, Charity ma ta lura, kuma dukansu suka ga ya fi kyau a bar maganar.

Ya ciro ƙaramar wayarsa daga aljihu ya miƙa mata. Jawahir ce ta zuba lambobin, kuma shi amsawa kawai yake yi. Charity ta bi jerin har ta kai inda aka rubuta Hamma, wato yaya. Ta danna, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta miƙo masa. Ya mayar da hannayensa cikin riga.

Ƙara ɗaya aka ɗauka.

"Baffa?" Haka yaron yake kiran mahaifinsa. Muryar ta zo da sauri, da ƙarar injina a bayanta. "Baffa, lafiya? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu," in ji Charity. "Sunana Charity, ina gyaran waya a kasuwar Kontagora. An kawo min na'urar wasanka, katin ya lalace. Kamfani ya turo maka lamba yanzu."

"Na gani. Na ɗauka 'yan damfara ne." Ya karanto lambar a hankali, ta rubuta. "Malama, wa yake wasan?"

Ta dubi Buba. Ya girgiza kai.

"Wani kwastoma ne."

Yusha'u yana kallon lambar mahaifinsa a fuskar wayarsa, amma shi ma an yi masa tarbiyyar kunya.

"To," in ji shi. "Ki ce wa kwastoman, idan lokacin ƙanƙara ya zo a wasan, kada ya bar shanun a waje. Suna kamuwa da ciwo. Dogon ginin nan ja ɗakinsu ne."

Buba ya matso a kan benci. Shanu uku ya rasa a lokacin ƙanƙarar nan, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai mai hankalin da zai kulle saniya a ɗaki ba. Ya dubi Charity, bai dubi wayar ba.

"Ki tambaye shi ƙofar ta ina take."

"Ya ce ƙofar ta ina take?"

"Ki ce masa ta baya, wajen rijiya. Sai ya tsaya a gabanta ya danna maɓallin ƙasa."

"Ya ce ta baya, wajen rijiya."

"Ki ce na ji."

"Ya ce ya ji."

"Ki ce masa ciyawar da ake yanka da kaka, a ciki ake tarawa. Kada ya sayar da ita duka."

"Ki ce ba yau na fara kiwo ba."

Charity ta buɗe baki za ta isar, sai ta ji dariya ta fito daga wayar, gajeriya, aka yi saurin haɗiye ta. Buba yana da tambayoyi game da Fatakwal, da abincin can, da ko ɗakin da yaron yake kwana yana yoyo, amma babu ɗaya daga cikinsu da ta shafi shanu. Wani ya kira Yusha'u daga cikin ƙarar injinan.

"Malama, ana nemana. Ki gaida kwastoman."

"Zai ji."

Sauko da wasan ya ɗauki lokaci. Wani siririn layi ya riƙa cika a hankali, ya tsaya, ya ci gaba, Charity tana riƙe da wayarta a bakin rumfa har hannunta ya gaji ta sauya. Aka kira azahar, Buba ya je ya dawo, ya tarar layin ya kusa ƙarshe. Da ya cika, kiɗan da ya sani ya tashi. Ga rijiyar, ga jan ginin, ga shanun a tsaye inda ya bar su. Ya ƙirga su da ido sau biyu. Wani ɗan tsoho mai gemu ya fito a fuskar na'urar da rubutu a ƙarƙashinsa, kamar yadda yake fitowa kullum, Buba ya miƙa yatsa zai wuce shi.

"Tsaya mana, gaishe ka yake yi," in ji Charity. Ta karanta da Turanci, sannan ta juya masa. "Ya ce, barka da dawowa, Buba, shanunka sun yi kewarka."

Yatsan ya tsaya.

"Ke kika gaya masa sunana?"

"Ni ina na san sunanka, Baba? Mailafiya kawai na gani. Wannan sunan manomin ne, mutumin da kake tafiya da shi a ciki. Wanda ya buɗe gonar shi yake raɗa masa suna tun ranar farko, kuma ba a canzawa."

Yusha'u bai taɓa faɗin wannan sunan ba. Ko a makaranta, da aka tambaye shi sunan uba, Mailafiya ya ce. Buba ya kawo na'urar kusa da idonsa. Ɗan manomin yana tsaye a bakin rijiya da malfa a kansa da sanda a kafaɗa, yana jiran a ce masa ya motsa.

"Wanne ne sunan a cikin rubutun?"

Ta nuna masa da farce. Ya daɗe yana kallon 'yan haruffan.

Ya sallame ta, ya miƙe, ya saka na'urar a aljihun ciki. Har ya taka bakin rumfa sai ya dawo, ya miƙo ƙaramar wayar.

"'Yata, nuna min inda kika danna ɗazu."

Ta nuna masa: wannan sau biyu, sannan koren maɓallin kira. Ya duba da kyau, irin duban da yake yi wa saniyar da ba yau zai saya ba. Sannan ya mayar da wayar aljihu ya kama hanyar gida, domin tun Litinin shanun ba su sha ruwa ba.