Wa Ya Riƙe Biron

Wata huɗu bayan rasuwar matarsa, asibiti ya aika wa tela da gayyata. Za a zaɓi takardar tambayoyin da masu ciwon daji za su riƙa cikewa da kansu, su faɗi yadda suke jin jikinsu, kuma ana son jin ta bakin dangin majinyata.

Ranar taron, takardu biyu ne a kan tebur, ɗaya mai tambaya takwas, ɗaya mai talatin da shida. Likita ya fi son doguwar, don ta taɓo barci da cin abinci, har da ko mutum na jin ya zame wa iyalinsa kaya. Babbar nas ta yi dariya, ta ce ko ita da lafiyarta, kafin shafi na uku sai an nema mata gado.

Tela ya san doguwar, ita aka gwada a kan matarsa. Da fari da kanta take cikewa, tana tsokanarsa wai ko shi da ya zo neman aurenta bai sha tambaya haka ba. Da hannunta ya fara rawa, biro ya dawo hannunsa. Yakan karanta mata biyar ko shida, ya ga idonta na lumshewa, sai ya ƙarasa sauran shi kaɗai a kan benci. A layin zafin ciwo, daga ɗaya zuwa goma, huɗu yake zagayewa. Bai taɓa iya kai biron kan tara ba. Gani yake in ya rubuta, shi ya jawo mata. Likita kuwa da huɗun nan yake auna maganin rage zafi. Sai bayan an yi mata sutura ƙanwarta ta gaya masa cewa in ya tafi shago, bakin zane marigayiyar take cusawa a baki kada maƙwabta su ji.

"Baba tela, kai wacce ka gani?" in ji likita.

Tela ya daɗe yana murza hularsa. Ya san gajeriyar ta bar abubuwa da yawa a baya.

"Ku ɗauki gajeriyar, likita. Mai ciwo zai iya kai ƙarshenta da kansa. Sannan ku ƙara layi ɗaya a ƙasa: wa ya riƙe biron."

Likita ya ce ai an rubuta a sama, majinyaci ne kaɗai zai cike.

"Na gani," in ji tela. "Sau goma sha ɗaya ina karantawa kafin in cike ta matata."

Nas ta jawo gajeriyar gabanta, ta ja layi a ƙasa.