Ni Ban Kai Ɓera Ba?

Likita ya ce ƙafar sai yankewa, daga ƙasan gwiwa. Baba, tsohon tela da ciwon suga ya cinye wa dunduniya, ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya gode, amma autarsa tana buga fatar mutum da inji a wurin aikinta, zai jira tata.

Auta na tsaye a bakin gado, ta rasa inda za ta sa idonta.

Ba ƙarya ya yi ba. A ɗakin gwajinsu suna narkar da zaren auduga har ya yi kauri kamar man goge baki, na'ura ta buga shi layi kan layi ya zama raga mai faɗin farce, sannan su zuba ƙwayoyin fata a kai. Suna kamawa kuwa. Amma a bayan ɓera kaɗai aka taɓa gwadawa. Kafin a yarda a sa wa mutum, sai an yi shekaru.

"Baba, a kan ɓera muka tsaya."

"To ni ban kai ɓera ba?"

Mai gadon kusa ya yi dariya har da tari.

"Ba a ba mu izini ba," in ji Auta.

"Izinin wa? Ƙafata ce, 'yata ce, auduga kuma na fi ku saninta. Yanko mini faci, ni zan nuna miki inda za ki ɗinka."

Ta yi masa bayani cewa ruɓar ta kai ƙashi, kuma raga ba ta raya ƙashi. Shi dai abin da ya ji shi ne ba a gama ba. A wurin tela kuwa, ba a gama ba na nufin dawo gobe.

Kowace safiya nas tana zagaye kumburin da biro, washegari ya tsallake layin. Yayan Auta ya tare ta a baranda. "Malama mai injin fata, ke kika ɗaure, ke za ki kwance. Idan ya kai cinya, ba ƙafa za mu rasa ba."

Ranar da zazzaɓi ya kama Baba, Auta ta biya ta wurin aiki ta leƙa madubin duba ƙwayoyi. Ƙwayoyin sun rufe ragar tsaf. Tun da ta fara aikin ba su taɓa yin kyau haka ba. Ta mayar da su, ta wanke hannu, ta nufi asibiti.

"Baba, sun mutu. Aikin bai yi ba."

"Duka?"

"Duka."

"Audugar ce ba ku iya zaɓa ba," ya ce. "Kira mini likitan. Ke kuma saki fuskarki, ba a kanki aka fara ɓata yadi ba. In na fito, yayanki zai nema miki aikin kirki."

"To, Baba," ta ce, ta fita neman likita.