Abin da Na Rubuta a Littafin Asabe

Littafin nan ba nawa ba ne, kuma ba ni na ce a kawo shi ba. Wani direban tirela ɗan ikilisiyarmu ne ya taho da shi daga Jos a cikin lodin albasa, ya miƙa wa Maman Pasto, matar Pastonmu. Bangon ya yage tun a hanya, don haka ba wadda ta san sunansa. Mu dai a zumuntar mata muna ce masa littafin Asabe, sunan matar da ke cikin labarin ke nan. Mu goma sha tara ne, littafi ɗaya, sai aka kafa doka: kowace mace mako guda, daga Alhamis zuwa Alhamis. Wata al'ada kuma ta tsiro da kanta. Duk wadda wata magana ta taɓa wa zuciya sai ta ɗauki biro ta rubuta a gefen shafi. Wata ta sa "Amin", wata "Gaskiya ne", wata kuma da ke ji da faransanci ta sa "Gloire à Dieu". Kafin ya iso hannuna gefen shafukan ya yi baƙi da amin.

A shekarar da aka karya darajar kuɗinmu sefa ne, lokacin da a unguwarmu New Bell ba ka jin komai a bakin mutane sai la crise, wato matsin tattalin arziki. Mijina Yusufa, Baban Ladi, magatakarda ne a wani kamfanin fiton kaya a bakin tashar jiragen ruwa, kuma shi ne sakataren ikilisiya. Wata Talata ya dawo da tsakar rana, ya tura ƙyaure ya rufe, ya ce da ni an sallame su, su talatin da biyu. Na zauna a bakin gado.

Ya ce, "Maman Ladi, ke kaɗai na faɗa wa. Ko Pasto bai sani ba. In na ji maganar nan a waje, daga bakinki ta fita."

Na ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma Allah ya sani har zuciyata na faɗa.

To, ga yadda muka koma. Kullum da safe in hura gawayi in goge farar riga, ya ɗaura taye a wuya, ya rataya jaka, ya fita yana gaida mutane. Hajiya Ikilima mai gidanmu tana zaune a zaure da tasbaha, ta ce, "Monsieur Yusufa, a dawo lafiya, a gaida jiragen ruwa." Shi kuwa sai unguwar Bépanda, inda ba wanda ya san shi. Can wani abokinsa ke ba shi babur, ya tuɓe rigar ya ninke, ya yini yana bensikin, wato acaɓa, yana ɗaukar mata da kwandunansu. Da yamma ya wanke fuska ya mayar da taye ya dawo. Ni ke wanke hayaƙin da ke wuyan rigar, ni ke amsa wa maƙwabta cewa aiki ya yi masa yawa shi ya sa ya rame.

Ana cikin haka layi ya zo kaina.

Kada in yi ƙarya, na ji daɗin littafin nan. Hannu ɗaya na juya miya, ɗaya na riƙe da Asabe. 'Yata Ladi ta zo tana kuka an ƙwace mata alli, in ce ta bari in kai ƙarshen shafi. Sau biyu shinkafa ta kama. Ran da ruwa ya cika kwatar ƙofar gida har ya shigo tsakar gida, ina tsaye a kan turmi ina karatu, 'ya'yan Hajiya na kwarfe ruwa suna yi mini dariya. Amma fa Asabe akwai ban haushi! Mace ce da ba ta taɓa ƙona abinci ba. Uwar mijinta ta zage ta, ta yi murmushi ta ɗebo mata ruwa. Ɗanta ya ɓace, ta durƙusa, kafin ta ce amin ga shi a ƙofa. Ina karantawa ina tsaki, ina kuma share hawaye, don ina sonta duk da haka. A gidanta komai yana da ƙarshe, abin da ya riƙe ni ke nan.

A shafi na sittin da huɗu aka kori mijinta Ɗanjuma daga aiki. Me Asabe ta yi? Ta rera waƙa. Waƙa fa, jama'a! Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, Ubangiji mai tanadi ne, ta kawo masa tuwo da miyar kaza. Daga ina kazar ta fito, marubucin bai faɗa ba. A gefen shafin mata sun jera amin har guda takwas. Ni kuwa ranar tun safe gawayi ya ƙi kamawa, dutsen guga ya ƙona mini yatsa, ga miya ba ko kan kifi. Raina ya tashi. Na ɗauki biron Ladi, na ɗora littafin a gwiwa, na rubuta a ƙarƙashin amin ɗinsu:

"Asabe, ki zo New Bell ki gwada. Nawa wata huɗu ke nan da aka sallame shi, kullum sai ya ɗaura taye ya fita kamar mai aiki. Ya Yesu, na gaji."

Na ji sanyi a raina kamar na sauke tulu. Na ci gaba da karatu, aka kira Ɗanjuma aikin da ya fi na da, aka yi godiya, littafi ya ƙare. Ran Alhamis na miƙa wa Larai, mai bi mini a layi, ban ko tuna ba.

Sai ran Asabar ina tsakar wanki abin ya faɗo mini. Na bar kayan a baho na zari mayafi, kumfa a hannuna, sai gidan Larai. Na tarar tana yankan ganyen miyar ndole.

Ta ce, "Ai 'yar'uwa littafin ba ya nan. Ɗan nan nawa ya fara cin shafi, na ce kafin ya haɗiye Asabe gara in mayar wa Maman Pasto."

Na wuce gidan Pasto. Maman Pasto mace ce mai kirki, amma kirkinta ba ya zama a cikin ɗaki, sai ya fito kowa ya gani. Na gaishe ta, na ce akwai shafin da ban gane ba, ko za ta ara mini na kwana ɗaya. Ta ce doka doka ce, makona ya wuce. Ta kuma ce ita ma yanzu take bin abin da 'ya'yanta na zumunta suka rubuta a gefe, yana ƙarfafa ta ƙwarai. Na yi godiya na fito. Me zan ce? In na nace, na tona kaina.

Kwana biyar ina addu'ar Allah ya sa ɗan Larai shafi na sittin da huɗu ya ci.

Bai ci ba. Ran Alhamis bayan waƙar buɗewa Maman Pasto ta miƙe da littafin a ƙirji, ta gyara tabarau.

Ta ce, "'Yan'uwa, akwai wata a cikinmu da ke ɗauke da kaya. Ba zan kira suna ba, ban ma san sunan ba, rubutun kamar tonon kaza. Amma za mu ɗauka tare da ita."

Ta karanta shi daga farko har ƙarshe, da murya mai rawa, har da dafe ƙirji a wurin "na gaji". Ban taɓa jin maganata ta yi muni haka ba. Majami'a ta yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga kwano cikin bokiti. Maman Pasto tana bin fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki takardar waƙa ina fifita, na kafa ido a kan bango.

Sai wata a bencin baya ta fashe da kuka. Matar ma'ajin ikilisiya ce, wanda kowa ya sani a banki yake aiki. Kafin a juya, matar shugaban mawaƙa ta kama. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Larai da ke kusa da ni ta rufe fuska da zane tana cewa, "Wata huɗu ma? Nawa bakwai!" Na dube ta baki buɗe, don ni kaina na sha ganin mijinta da jaka a bakin titi yana duba agogo. Kafin a ce me, mata shida na kuka, kowace na rantsuwa ba ita ta rubuta ba amma labarinta ne. Maman Pasto ta zo neman tunkiya ɗaya ta tarar da garke, ta rasa wa za ta fara dafawa. Aka yi addu'a mai tsawo, aka ja kunne cewa maganar nan ta mutu a nan. Kafin in isa gida har mai gashin masara a bakin kwana ta ji.

Ranar Juma'a da Asabar gidaje shida ba zaman lafiya. An ce ma'aji ya yi kwana biyu bai ci tuwon gidansa ba. Ran Lahadi kuwa abin kallo ne. Maza suka shigo sujada kowa na satar kallon wuyan ɗan'uwansa. Masu taye suna ji kamar an ɗaura musu shaida, biyu da suka zo ba taye kuma suka zama kamar sun amsa laifi. Pasto, wanda shi kansa bai ga albashi cikakke ba tun bara, ya yi wa'azin minti hamsin a kan ƙarya. Baban Ladi ya tashi ya karanta sanarwa kamar kullum, kansa a miƙe, muryarsa ko rawa.

Bayan an tashi ya tsaya a hanya ya sayi gasasshen kifi da bobolo, curin rogon nan da ake naɗewa a ganye, abin da rabonmu da shi tun kafin a sallame shi. Muka ci, Ladi ta fita wasa. Yana ta dariya, yana kwaikwayon yadda ma'aji ya riƙa sunkuyar da kai a lokacin baiko, sa'ad da ake tara kuɗin ikilisiya. Can ya daina, ya goge hannu, ya dube ni.

Ya ce, "Maman Ladi, an faɗa mini komai. Shida suka yi kuka. An ce ke kina zaune kina fifita, ko gezau."

Na sunkuya ina tsince ƙaya.

Ya ce, "Yau da na tsaya a gaban jama'a ban ji tsoron kowa ba, saboda ke. Aiki ya tafi, mutunci ma a bakin ƙofa yake, amma na ce a raina akwai mutum ɗaya a garin nan da ya san ni yadda nake kuma bai sayar da ni ba. Wannan matar ta littafinku, me sunanta ma? Ni tawa ta fi ta."

Wayyo Allah. Da zagina ya yi da na ji sauƙi. Ba wanda ya san rubutun nawa ne, ba kuma wanda zai sani. Da na yi murmushi na ɗebo masa ruwa, da shi ke nan, na zama Asabe har in mutu. Na ajiye kifin da ke hannuna. Mutumin nan wata huɗu yana yi wa duniya ƙarya, ni kaɗai yake faɗa wa gaskiya, ba zan iya zama a gabansa in karɓi yabon da ba nawa ba.

Na ce, "Baban Ladi, ni na rubuta."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar, ya bari har aka gama. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshina: ban kira suna ba, ba wanda ya zarge shi, haushin Asabe ne ya ɗebe ni. Bai ba ni damar amfani da ko ɗaya ba.

Ya ce, "Har da na ƙarshen? Na gaji ɗin?"

Na ce, "Har da shi."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Da kin faɗa mini."

"Ta yaya? Kai da kake dawowa ido jajur?"

"Kin faɗa wa littafi ai."

Na fara kuka, irin wanda ya kamata in yi tun ran Alhamis. Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, Ubangiji ma ya ce a yafe. Ya ce gaskiyata ce, kayan ya yi mini nauyi, ba zai sake ɗora mini ba. Ya tattara ƙayoyin kifin a takarda ya nannaɗe, ya miƙe, ya yi miƙa. Sannan ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa Hajiya a zaure.

Ya ce, "Gobe ki tashe ni da wuri. Jirgi biyu za su shigo, aiki zai yi mana yawa a ofis."

Na ɗaga kai na dube shi, ko wasa yake. Ba wasa yake ba, amsa yake jira.

Na ce, "To. Allah ya ba da sa'a."