Gwiwar Inna Ta Samu Aiki

Likita ne ya jawo mana. Ya danna gwiwar Inna, uwar mijina, ta kurma ihun da ya sa mai shara ya leƙo, shi kuma ya ce sanyin garinmu ne ke cin ta, in da hali a kai ta inda ake zafi. Mijina ba mutumin da ake gaya wa irin wannan magana da wasa ba ne. Shekara shida rabon Inna da ta taka ƙasa ba sanda, kuma abin na ci masa rai. Kafin wata ya ƙare ya rufe shagonsa, ya loda mu a babbar mota da katifu da tukwane, sai birnin bakin teku.

Sai da muka yi rabin hanya na yi tambayar da ya kamata in yi tun a gida.

"Baban yara, wai wane aiki za ka yi a can?"

"Aikina mana."

"Gyaran hitar ɗumama ɗaki? A garin da aka ce ana kwana da fanka biyu?"

"Birni ne babba," in ji shi. "Ba za a rasa mai jin sanyi ba."

An rasa. Wata biyu yana fita da akwatin kayan aikinsa, yana dawowa riga sharkaf da gumi. Ya je otal, ya je masana'anta, ya je ofisoshi. Wani manaja har kiran abokan aikinsa ya yi su zo su ga mai gyaran hita da idonsu. A gida kuwa ɗakinmu na hawa na uku, matakala arba'in da biyu, kuma a bayansa ya goyo Inna ranar da muka iso. Yakan shigo yana dariya don kada ta gane, amma ni da nake wanke rigunan na san yadda ake ciki, kuma tausayinsa nake ji.

To, gwiwar Inna tana da wata baiwa da mu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. In za a yi ruwa, ta hagu ke zugi. In iska ce, ta dama. Wata safiya tana zaune a baranda, sama fes, ta ce da ni, "Ke, kwashe shanyar nan. Yau duka biyun ne." Maƙwabcinmu na ƙasa, wanda kowa ke kira Kyaftin saboda jiragen kamun kifinsa uku, ya ji, ya ɗago kai ya yi dariya har da riƙe ciki. Da rana tsaka aka tashi guguwar da ta kusa haɗiye masa jirgi ɗaya. Washegari sai ga shi ya hawo da kwandon kifi a ka, yana haki.

"Mama, ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Yau me gwiwa ta ce?"

Inna ba ta yi wa baƙo dogon bayani. Ta dai dafa gwiwa ta ce, "Wash!" Kyaftin ya dubi mijina.

"Wannan yayyafi ne," in ji baban yara. "In ta ja shi da tsawo, ruwa ne sosai. In kuwa ka ji 'Wayyo ni', kada ma ka kwance jirgi."

Shi ke nan, aiki ya samu. Masu jirage suka haɗu suka ɗauke shi. Kullum da sassafe yakan durƙusa gaban uwarsa ya saurari nishi, ya sauka da gudu zuwa bakin ruwa, ya rubuta musu hasashen ranar da alli a kan allo. Har hula suka ba shi. Na tambayi Kyaftin ko ba su da rediyo ne. Ya ce suna da shi, amma rediyo ba shi da ƙashi, ta yaya zai ji abin da ke tafe? Ban ja da shi ba, tunda mijina ya soma cin abinci har da neman ƙari.

Ana nan, wata rana na dawo daga kasuwa na ji gudu a matakala, dif dif dif, kamar ana korar ɓarawo. Na ɗaga kai, sai ga Inna da tsintsiya a hannu tana tsallake matakala bibbiyu, tana bin wani farin tsuntsun teku da ya sace mata kifi. Muka haɗa ido. Nan take ta dafa bango ta ce, "Wash!"

"Inna, ai kin makara."

Ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Sati uku ke nan, in ji ta, gwiwa ta yi shiru, ko ɗan motsi babu. Zafin garin ya yi aikinsa. Sai ta ɗaga filo ta nuna min ƙaramin rediyon mijina. Kafin kowa ya farka takan kara shi a kunne ta ji hasashen yanayi, in ɗanta ya zo ta yi nishin da ya dace.

"'Yar nan, ki rufa min asiri. Saboda ni ya bar shagonsa. In ƙafata ta warke, tasa ƙafar ce za ta koma yawon neman aiki."

Na rufa mata asirin. Har na riƙa miƙa mata sanda a gabansa, ina "Sannu, Inna," kamar gaske.

Abin da muka manta shi ne hannun mijina ba ya zama lafiya in ya ga abin kwancewa. Ya tsinci rediyon yana ƙara, ya ce bari ya duba shi. Da gari ya waye rediyo na kan tabarma gunduwa-gunduwa, an jera kusoshinsa a murfin kwano. Kyaftin kuma ranar ya zaɓa ya hawo da kansa, don zai tura jiragen uku can nesa, da mutum goma sha takwas a ciki.

Baban yara ya durƙusa, alli a bayan kunne. "Inna, muna saurare."

Ta dubi gwiwar, ta dubi tarkacen rediyo, ta dube ni. Na ga ta buɗe baki za ta yi "Wash", sai ta rufe.

"Yaran da za su shiga jiragen nan, suna da iyaye mata?" ta tambayi Kyaftin.

"Suna da su, Mama."

"To ban sani ba. Gwiwar ba ta ce komai ba. Ta warke."

Kyaftin ya zauna a kan buhun shinkafa ba tare da an ce ya zauna ba. Ni kuwa mijina nake kallo, don a gabanmu aikinsa ya tashi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"An fi sati uku. Rediyonka nake ji. Ka yi haƙuri, ɗan nan."

Ya cire hular ya ajiye. Ya zare allin daga bayan kunne ya ajiye kusa da ita.

"Tashi ki taka in gani."

Ta miƙe ba sanda. Ta je ƙofa, ta dawo. Ya ce ta sake, ta sake. Ya ce ta ƙara. A zagaye na huɗu ta ɗan yi tsalle, wai don ya tabbata, shi kuwa ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin wanda aka kora daga aiki yana murna haka ba.

Kyaftin ya yi gyaran murya. "To ni fa? In tura jirage ko kada in tura?"

Baban yara ya share fuska, ya jawo murfin kwano. Cikin minti biyar ya mayar da rediyon yadda yake, ya murɗa, wata mata ta ce za a yi iska mai ƙarfi daga hantsi. Kyaftin ya daɗe yana kallon yatsun mijina.

"Injin ƙanƙararmu ya kwana huɗu a tsaye," ya ce. "Na san kai na zafi ka iya. Ban ce aiki ba ne, na ce dai ka zo ka leƙa."

Mijina ya juya zai ɗauki akwatin kayan aikinsa, bai gan shi ba. Inna ta riga ta ɗora shi a ka, ta kai matakala ta goma, tana ƙwala masa kira ya yi sauri kada ya makara.